Mai Waige Ta Rasu Ba Ta Ga Gamba Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, a madadina da iyalina da ma'aikatan sashen kula da filayen kiwo, mu uku ke nan idan aka haɗa da direba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinmu, kyamarar ɗaukar hoton fili, wadda makiyaya suka raɗa wa suna Mai Waige. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki, a kan turkenta na siminti da ke tsakiyar filin kiwo, bayan doguwar jinyar wuya da ta daɗe tana ɓoye mana. Ta yi shekara goma sha wani abu a hannunmu. Ta tafi ba ta ƙarasa hoton bana ba, kuma a kan ɗan abin da ya rage mata ne makomar tudun yamma ta rataya: ko ya ci gaba da zama wurin kiwo, ko a miƙa shi ga masu haƙar tsakuwa.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, ita ba irin kyamarar da ake ratayawa a ƙirji a shiga taro ba ce. Ido ne guda babba, zaune a kan wuyan ƙarfe mai ɗan inji a ciki. Idan aka ɗaure ta a turke aka danna mata maɓalli, sai ta ɗaga kai ta ɗauki gefen sama, ta sunkuya kaɗan ta ɗauka, ta ƙara sunkuyawa, har ta sauko kusa da gindinta. Sannan ta matsa dama kaɗan, ta koma sama ta sake. Haka za ta yi ta yi, hoto bayan hoto, ɗaruruwa, har ta zagayo inda ta faro. Wannan yawan juya kai ne ya jawo mata sunanta. A ofis kuma Malama mai ɗinki, wadda ban taɓa ganin ta da allura ba, ita ke haɗa hotunan a kwamfuta su zama ɗaya. A cikinsa kana ganin fili tun daga wannan ƙarshe har wancan, kuma kana iya jawo wani ɗigo da ke can nesa har ya zama tushen ciyawa a gabanka, ka dubi ganyensa, ka faɗi sunansa. Idan muka jera hoton bana kusa da na bara da na bara waccan, sai mu gane ko fili yana mutuwa ne ko yana farfaɗowa.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa gaggawa don rana ta yi zafi ba. Muryarta biyu ce duk tsawon rayuwarta. Idan za ta juya ta ce ziii, idan ta ɗauka ta ce ƙyas. Ziii, ƙyas. Ziii, ƙyas. Wanda ya saba da ita yana iya rufe ido ya gaya maka inda ta kai. Ni da kaina akwai shekarun da nake jin wannan sauti a cikin fankar ɗakina.

Kuma ba ta iya ƙarya ba, ba ta iya kara ba. Kafin zuwanta, rahoton fili da ido muke yin sa daga tagar mota, mu ce ciyawa ta yi dama-dama, kowa ya kama gabansa. Da ta zo sai dama-dama ta ƙare. Ba ta rufa wa kowa asiri ba, har da mu. Shekararta ta farko, direbanmu ya bi bayan wani kurmi mai nisa don biyan wata buƙata tasa, yana ganin ya ɓace wa duniya. Malama tana jawo wani tushe sai ga shi tsugune, har da hularsa a gwiwa. Tun daga ranar yake kiran marigayiya da ranki ya daɗe, kuma ba ya yarda kowa ya ɗauki akwatinta sai shi. Akwai kuma akuyar da ta ratsa ana cikin ɗauka, ta fito da kai biyu da ƙafa shida. Tana nan manne a bangon ofis, ita ce abin da baƙi ke fara tambaya.

Tana da ƙa'ida, ko in ce muna da ita a kanta. Turke ɗaya, tsayi ɗaya, ƙarshen damina, da hantsi. A saman turken akwai ƙusar tagulla da ke nuna arewa. Daga kan ƙusar nan ake farawa, a juya dama: arewa, gabas, kudu, yamma, a dawo kan ƙusa. Mu kuma mu tsaya a bayanta muna zagayawa tare da ita, don kada wani ya faɗa cikin hoto. Ni na kafa wannan ƙa'ida, kuma na yi faɗa a kanta ba sau ɗaya ba. Na taɓa sa aka sake aikin yini guda don an fara ɗan nesa da ƙusa da faɗin yatsa. Sun yi min gunaguni, sun kira ni da sunayen da sai daga baya na ji su, amma a ƙarshe sun fi ni tsanani. Yanzu direba ne ke durƙusawa ya daidaita ta da ƙusa, ido ɗaya a rufe, kuma ko ni ba na yi masa magana sai ya miƙe.

Tudun yamma shi ne na ƙarshe a zagaye. Yana hayin wani kwazazzabo, ya fara daga wata busasshiyar bishiya ya miƙe har kusa da arewa. Lokacin da marigayiya ta fara ganinsa, fayau yake, ƙasa ja da duwatsu. Masu haƙar tsakuwa suka nemi a ba su shi, suka ce ai ya riga ya mutu. Ni na tsaya gaban kwamitin rabon filaye na ce bai mutu ba, gajiya ya yi, a bar shi ya huta. Kwamiti ya ba da wa'adi na wasu shekaru. Idan gamba ta dawo, wato doguwar ciyawar nan mai saiwa wadda ba ta mutuwa da rani, tudu ya zauna na kiwo. Idan ba ta dawo ba, motocin haƙa su shiga. Shaidar da za a karɓa kuwa ita ce hoton marigayiya, domin ni na koya musu cewa duk wani hoto ban da nata labari ne kawai.

Hutun tudu yana nufin kada saniya ko ɗaya ta taka shi, alhali ta kansa ne gajeriyar hanyar zuwa ruwa ta bi. Wanda ya ɗauki wannan nauyi shi ne Baffa, dattijon makiyayan wurin. Shi ya ba ni hannu, shi ya koma ya fuskanci mutanensa. Shanu suka riƙa doguwar kewaya, suna isa ruwa a galabaice. Ƙannensa suka daina gaishe shi na wani lokaci. Matasa suka sa masa suna yaron mai kyamara, da furfurarsa da komai. Bai taɓa kawo min ƙara ba, daga bakin wasu nake ji.

Kowace shekara, idan Malama ta gama ɗinki, Baffa yakan zo ofis. Ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya zauna a kujerar nan mai karyayyen hannu, ya ari tabarau ɗina, ya matso da fuskarsa har numfashinsa na taɓa gilashin kwamfuta.

"'Yata, jawo min can. A'a, ƙasa kaɗan, gindin dutsen nan."

Malama ta jawo. Ƙasa ce. Wata shekarar karangiya ce, mai fitowa da ruwan farko ta bushe da na ƙarshe. Sai ya cire tabarau ya miƙo min, ya ɗauki sandarsa.

"To, Malam. Baɗi."

Iyakar maganarsa ke nan, shekara da shekaru. Ni kuwa in ya fita sai in kasa haɗa ido da kowa.

Bana ce shekarar ƙarshe ta wa'adi. Damina na gab da ɗaukewa Baffa ya zo ba tare da an aika masa ba. Bai shigo ba, bai jingine sanda ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana haki saboda matakala.

"Malam, ta dawo."

Ban tambaye shi wace ce ba. Malama ta kifa kai a tebur tana dariya tana share hawaye, direba ya fita wanke mota ba wanda ya sa shi.

A nan ya kamata in yi maganar jinyar marigayiya. Tun bara wuyanta ya fara ƙara idan ta juya. Na ɗiga mata mai, ƙarar ta lafa, na ɗauka an wuce wurin. Ranar Talata, da muka ɗaure ta muka gwada ta kafin a fara, ziii ɗinta ya fito a shaƙe, kamar mai magana da mura. Duk mun ji. Malama ta dube ni, na dubi direba, direba ya ce wataƙila sanyin safe ne. Ya durƙusa ya daidaita ta da ƙusa. Malama ta duba tsayi. Na danna maɓalli.

Ta ɗauki arewa, inda babu komai sai ƙasa da ƙaya. Ta ɗauki gabas, da hanyar mota da turɓaya. Muna bayanta mu huɗu, har da Baffa da sandarsa, muna matsawa a hankali, dukkanmu mun ba tudun baya. Da ta shiga kudu sai tazarar da ke tsakanin ziii da ƙyas ta fara tsawo. Amma ba ta tsallake ko hoto ɗaya ba. Kowane tsagin ƙasa, kowane farin ƙashi, kowane kututture da ta riga ta ɗauka shekara goma, ta sake ɗauka da natsuwarta. Muka zagayo, tudun ya bayyana a hannunmu na dama, kore shar, kawunan gamba suna kaɗawa. Na ji Baffa yana cewa a hankali, "Sannu, sannu, saura kaɗan." Ba ni yake yi wa ba.

Ta kai bakin kwazazzabo. Ta ɗauki busasshiyar bishiya daga sama har ƙasa. Ta ce ziii, ba ta motsa ba. Ta sake cewa ziii, doguwa, siririya. Muka jira ƙyas. Sai warin ƙonanniyar waya ya bugi hancina, 'yar koriyar fitilar da ke bayanta ta mutu.

Na danna maɓalli, na canza batir, na hura mata iska, na yi duk abin da mutum ke yi alhali ya riga ya sani.

"Malam, gajiya ta yi?" in ji Baffa.

"Ta mutu, Baffa."

Ya dubi inda idonta ya tsaya, ya dubi inda ciyawa ta fara. Ya ɗaga hannu ya auna tsakaninsu da yatsu biyu.

"A nan?"

Direba ne ya kwance ta, ya naɗe ta a tawul ɗinta, kuma duk tsawon hanyar dawowa bai kunna rediyo ba.

Mun kai ta wurin mai gyara, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalar wani bene, cikin tarin matattun wayoyi. Ya buɗe wuyan a hankali, ya nuna min haƙoran ciki da bakin sukuddireba. Sun cinye ƙarƙaf. Ya ce inji ya yi ta ja har ya ƙone, wutar ta bi waya ta cinye allon da ke sarrafa idon, kuma masu ƙera irinta sun daɗe da daina yin kayanta.

"Yallaɓai, wannan sai haƙuri," in ji shi. "Ƙarfin da ya rage mata bai fi na rabin zagaye ba. Inda ta kai ɗin nan ma ta maza ta yi."

Na koma gida da la'asar na tarar da uwargida tana ninke kayan yara a kan gado. Na zauna a gefe na ba ta labari tiryan-tiryan, tun daga gwaji har maganar mai gyara. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ba ta taɓa zuwa filin ba, kuma iyakar abin da ta sani game da marigayiya shi ne tawul ɗinta mai kyau da ya ɓace ya koma cikin akwatin. Da na gama sai ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban yara, tunda kun ji muryarta ta canza tun kafin ku fara, me ya hana ku fara da wajen ciyawar?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin ƙusa. Na rufe. Babu abin da ya hana. Malama tana iya ɗinke hoto ko daga ina aka faro shi, tun da turke ɗaya ne. Ƙusar nan don mu aka kafa ta, don kada mu yi sakaci, ba don marigayiya ba. Mu uku, da iliminmu da shekarunmu a aikin, muna tsaye ciyawar na kaɗawa a bayanmu, ko ɗaya bai yi tunanin juya ta yamma ba. Washegari na maimaita wa Malama tambayar. Ta daɗe tana kallon akuyar bango, sannan ta tashi ta fita.

Kada wani ya zo min ta'aziyya da zagin ƙa'ida. Ita ce ta sa hotunanmu suka yi daraja, ita ce ta sa kwamiti ya saurare mu tun farko, kuma in aka ba ni wata kyamara gobe daga kan ƙusa zan fara. Abin da ke cin raina daban ne. Baiwar Allah nan ta yi rayuwarta duka tana kallon tudun nan tsirara, kuma shekarar da ya sa riga, sai muka kashe sauran ƙarfinta a kan ƙaya da turɓaya.

Katin ajiyar hotuna da ke cikinta ya tsira. Abin da ke kansa shi ne arewa da gabas da kudu, duka fayau, sai busasshiyar bishiya a ƙarshe. Wato shaidarta ta ƙarshe, idan aka shimfiɗa ta a teburin kwamiti, masu tsakuwa take goya wa baya. Direba ya koma ya tsallaka kwazazzabo da ƙafa, ya ɗauko hotuna da wayarsa, na kai wa sakataren kwamiti. Ya duba, ya miƙo min cikin ladabi.

"Malam, ai kai ka ce mana irin wannan ko a bayan gidan kowa ana iya ɗauka."

Ni na ce. Mun nemi aron wata irinta daga wani ofishi mai nisa, an ce za a duba, kuma duk wanda ya yi aikin ofis ya san tsawon za a duba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis mai zuwa.

Marigayiya ta rasu ta bar turkenta na siminti, wanda har yanzu ba a san yadda za a gaya masa ba. Ta bar batura biyu, 'yan tagwaye, dukkansu a cike. Ta bar akwati, da tsumman goge ido, da tawul da uwargida ta ce ta yafe. Ta bar hotuna manya na shekaru a jere, da ƙaraminsu wanda bai cika ba. Ta bar Malama, da direba, da ni. Ta kuma bar wani dattijo da ya sa mutanensa suka yi ta kewaya tudu saboda maganata, wanda bana bai zo aron tabarau ba.

Za a yi mata rakiyar ƙarshe ranar Laraba da hantsi, jajiberin zaman kwamiti, a kan turkenta. Mota za ta tashi daga ƙofar ofis bayan fitowar rana. Ba za a binne ta ba, domin ba a binne ƙarfe da waya a wurin da dabba ke kiwo, kuma ita ce za ta fara tona mana asiri. Za a ɗaure ta a inda ta tsaya, idonta a kan busasshiyar bishiya. Mai gyara ya sassauta wuyan, don haka zan juya ta da hannuna, a hankali yadda ta saba, ta bi tudun daga wannan gefe zuwa wancan. Ba za a ji ƙyas ba. Bayan haka za a mayar da ita akwati, a ajiye a saman kabad ɗin ofis.

Ana roƙon masu zuwa su sa takalmi mai rufi, su bi sawun direba ɗaya bayan ɗaya idan an tsallaka kwazazzabo. Kada a tsinki ko kan gamba ɗaya don tunawa. Ba a buƙatar jawabi.

Muna gayyatar shugaban kwamiti da mambobinsa gayyata ta musamman. An ware musu kujeru a mota, ta gaba ta shugaba ce, direba ya wanke ta har ƙarƙashi. Ba mu roƙe su su yarda da maganar kowa ba. Su zo su tsaya a bayanta, su dubi inda take duba. Na aika musu, na kuma bi da ƙafata, kuma har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa ba wanda ya ce zai zo.

In ba su zo ba, mu huɗu mun isa ɗaukar ta. Baffa ya roƙi abu ɗaya, kuma ina sanar da shi a nan don kada wani ya ga shanu a tudu ya ce an karya alkawari. Ya ce idan an gama, rana ta karkata, babu wanda ya zo daga kwamiti, a bar shanu su shiga su ci gambar nan sau ɗaya kafin motocin haƙa su iso. Na ce masa to.